Sulhun Batsari da Safana: Wa ke ƙirga bindigogin da suka rage a daji?

Ranar Lahadi, 19 ga watan Janairun 2025, aka yi wani zama a Ƙaramar Hukumar Batsari wanda ya buɗe sabon babin sulhu da 'yan bindiga a Jihar Katsina. Jagororin daba biyu, Abu Radde da Umar Black, waɗanda suka daɗe suna addabar ƙauyukan Batsari da Safana, sun fito daga daji sun zauna da jami'an tsaro da shugabannin al'umma. Rundunar Operation Fansan Yamma ta sanar cewa sun miƙa bindigogi huɗu ƙirar AK-47, sun kuma sako mutum 15 da suke tsare da su.

Daga nan abin ya bazu. Jibiya ta yi nata zaman, Ɗanmusa ta yi, Safana ta yi, Faskari ma ta bi sahu. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta sha nanata cewa ba ita ta kira zaman ba, al'ummomi ne suka nema da kansu, ita kuma ba za ta hana su neman zaman lafiyarsu ba.

Mutum 15 da suka koma gida ba ƙaramin abu ba ne, domin kowane ɗayansu iyali guda ne da aka share wa hawaye. Bindigogi huɗu kuwa wata magana ce. Duk wanda ya kalli hotunan bidiyon tarukan sulhun da suka yi ta yawo a Facebook da WhatsApp ya ga matasa rataye da bindigogi, wasu sun yi ɗamara da jigidar harsasai, suna zaune kusa da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi. Da makamansu suka zo, da su kuma suka koma daji.

Abin da aka ƙulla a Batsari da Safana tsagaita wuta ne. Kwance ɗamara aiki ne daban, kuma har yanzu ba a fara shi da gaske ba. Muddin babu wanda ya san adadin bindigogin da ke Dajin Rugu, babu kuma wa'adin karɓarsu, to zaman lafiyar da ake ciki aro ne daga hannun mai bindiga, kuma mai abu yana iya karɓe kayansa ranar da ya ga dama.

Sauƙin da aka samu gaskiya ne

Adalci ne a fara da wannan. Wanda ke zaune a Abuja ko Legas yana la'antar sulhu bai san abin da mutanen nan suka gani ba. A watan Mayun 2019 aka kashe manoma a gonakinsu a 'Yargamji, har mutanen gari suka ɗauki gawarwakin suka kai birnin Katsina don mahukunta su gani da idonsu. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, duk a Batsari. Bayan wata biyu, 'yan sanda suka tabbatar da kisan mutum 47 da aka yi ranar 18 ga Afrilu a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma. A 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka. Talaka ya sha wuya biyu, hare-haren kuma ba su ƙare ba.

Mutanen da suka kwashe shekaru suna kwana da ido ɗaya, suna sayar da gona don biyan kuɗin fansa, ba za a ga laifinsu ba idan suka karɓi duk hanyar da za ta ba su damar noma. Mazauna yankin da dama sun shaida wa kafafen yaɗa labarai cewa tun bayan zaman sun koma gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba, kasuwanni sun farfaɗo, ana bin hanyoyin da a da ba a bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka tambayar ba ta a yi sulhu ko kada a yi ba ce. An riga an yi. Abin tambaya shi ne me za a yi da wannan sarari da aka samu kafin ya ƙare.

Wannan ne karo na uku

Katsina ta taɓa bin wannan hanya sau biyu a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. A farkon 2017 aka yi bikin miƙa makamai a Ƙanƙara, inda ɓarayin shanu da 'yan sa-kai suka kawo bindigogi aka yi musu afuwa. An samu lafawa na ɗan lokaci, sannan abin ya dawo fiye da da.

A watan Satumban 2019 gwamnan da kansa ya zagaya ƙananan hukumomi takwas da ke bakin daji: Sabuwa, Ɗandume, Faskari, Ƙanƙara, Ɗanmusa, Safana, Batsari da Jibiya. A lokacin ne aka ɗauki hoton nan da ya karaɗe ƙasa, gwamna tsaye kusa da ɗan bindiga riƙe da AK-47. An yi musayar fursunoni, an yi alƙawura. Wata biyar bayan haka aka yi kisan Tsauwa da Dankar. A watan Yunin 2020 Masari ya fito ya ce an ci amanarsa, ba zai sake zama da su ba. Zuwa 2021 shi ne ke kira ga jama'a su nemi bindiga su kare kansu.

Labarin Auwalu Daudawa ya ishi mai hankali darasi. Shi ya jagoranci sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020. A watan Fabrairun 2021 ya bayyana a Gusau, ya miƙa bindigogi, ya rantse da Alƙur'ani cewa ya tuba. Kafin ƙarshen watan Afrilu ya koma daji, kuma a can aka kashe shi a faɗa da wata daba. Ya miƙa makamai a gaban kyamara, amma da ya koma bai rasa abin harbi ba.

Abu ɗaya ya haɗa waɗannan zagaye duka. A kowane karo mai bindiga ne ke zaɓar abin da zai kawo. Babu wanda ya san nawa yake da su tun farko, saboda haka babu wanda zai iya cewa ya kawo rabi ne ko ɗaya bisa goma. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Yadda wasu suka karɓi makamai

Matsalar raba mai makami da makaminsa tsohuwa ce, kuma manyan ƙasashen duniya sun daɗe suna fama da ita. Abin da suka koya shi ne ba a gina irin wannan yarjejeniya a kan amana, domin da akwai amana da ba a ɗauki makamin ba tun farko. A kan ƙidaya da bincike ake gina ta.

A 1987 Amurka da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu kan yarjejeniyar kawar da makamai masu linzami masu cin matsakaicin zango. Ronald Reagan da Mikhail Gorbachev ba su dogara da rantsuwa ba. Kowane ɓangare ya bayyana adadin abin da yake da shi da inda ya ajiye, kowanne ya bar masu binciken abokin gaba suka shiga sansanoninsa. Zuwa 1991 an lalata makamai 2,692. Yarjejeniyar ta yi shekara 30 da ɗoriya kafin ta rushe a 2019, bayan ɓangarorin sun koma zargin juna da maguɗi.

A Ireland ta Arewa an ƙulla zaman lafiya a 1998, amma sai a 2005 ƙungiyar IRA ta gama rabuwa da makamanta. Wata hukuma mai zaman kanta ƙarƙashin tsohon janar ɗan Kanada, John de Chastelain, ita ta sa ido, aka kuma kawo limaman coci biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, suka zama shaidu. A Kolombiya, bayan yarjejeniyar 2016, jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka yi rajistar mayaƙan FARC da bindigoginsu ɗaya bayan ɗaya, har suka sanar da karɓar makamai 7,132 a watan Yunin 2017.

Ba sai an je nesa ba ma. A Timbuktu, ranar 27 ga Maris 1996, aka cinna wa bindigogi kusan 3,000 wuta a bainar jama'a bayan tawayen Abzinawa a Mali. Nijar ta yi irin wannan biki a Agadas a watan Satumban 2000. A nan gida kuma, ɗan Katsina ne, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009. Ya ba da wa'adin kwana 60, daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Oktoba. An ware wuraren karɓar makamai, an yi wa mutum fiye da 20,000 rajista a zagayen farko, an sa musu alawus na naira 65,000 a wata tare da horo. Shirin yana da nasa aibun, kuma har yau ana kashe masa kuɗi. Duk da haka yana da abubuwan da sulhun Katsina ba shi da su: wa'adi, rajista, da hukumar da za a tuhuma idan abu ya lalace.

Me ya sa ba sa ajiyewa?

Ba a warware matsala sai an fahimci lissafin wanda ke riƙe da bindigar, ko da kuwa azzalumi ne.

Na farko, bindiga ce jarinsa. Da ita yake samun kuɗin fansa da shanu da haraji, kuma saboda ita ce aka zo aka zauna da shi. Ya san ranar da ya rabu da ita babu hakimin da zai sake shiga daji nemansa.

Na biyu, yana tsoron 'yan uwansa. Buharin Daji, wanda ya taɓa yin sulhu da gwamnatin Zamfara, ba soja ne ya kashe shi a 2018 ba, Dogo Giɗe ne. Daudawa ma haka ya ƙare. Dabar da ta ajiye makami ita kaɗai ta zama nama ga maƙwabciyarta.

Na uku, yana tsoron ramuwa. A kusan kowane zaman sulhu ƙorafi iri ɗaya ake ji: 'yan sa-kai na kashe Fulani a kasuwa da kan hanya ba tare da bincike ba, ana tsare mutanensu shekaru babu shari'a, an cinye burtali da makiyaya, rugage babu makaranta babu asibiti babu ruwa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya halatta kashe manomi a gonarsa ko yi wa matar mutane fyaɗe. Amma mai neman karɓar bindiga dole ya amsa tambayar da mai ita zai yi masa: idan na ajiye, wa zai kare ni?

Ƙasashe ma wannan tambayar suke yi. Ukraine ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada a kan alƙawarin da aka yi mata a Budapest a 1994 cewa za a mutunta iyakokinta. Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta kuma afka mata da yaƙi a 2022. Mu'ammar Gaddafi ya watsar da shirinsa na makaman ƙare-dangi a 2003, bayan shekara takwas aka kifar da shi da taimakon jiragen NATO. A Kolombiya ma an kashe ɗaruruwan tsofaffin mayaƙa bayan sun miƙa makamai. Ɗan bindigar Dajin Rugu bai karanta wannan tarihi ba, amma ya san irinsa a unguwarsu.

Haka shi ma ɗan sa-kai da manomin da ya sayar da sa ya sayi bindiga. Ya ga abin da ya biyo bayan 2017 da 2019, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk tsarin da zai ce ɓangare ɗaya ya ajiye ɗaya ya riƙe, ya mutu tun kafin a fara.

Ana kwasa ta gaba, ana zubawa ta baya

A ce ma an karɓi bindigogi dubu gobe, idan hanyar shigowarsu na buɗe an yi aikin banza.

Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan shida a hannun fararen hula a Najeriya, alhali na soja da 'yan sanda da sauran jami'ai ba su kai 600,000 ba. An saba ɗora laifin a kan Libiya, kuma akwai gaskiya a ciki, domin rumbunan makaman Gaddafi sun watse cikin Sahel bayan 2011. Sai dai ba nan labarin ya tsaya ba. A watan Janairun 2020 ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar da rahoto kan makaman da aka ƙwace a Katsina da Zamfara da Kaduna. Ta gano wasu sun fito daga Libiya, wasu daga rumbun sojan Kwaddebuwa, wasu ƙirar Turkiyya ne da aka shigo da su ta tashar jiragen ruwa, da yawa kuma maƙeran gida ne suka ƙera su. Wasu kuwa daga rumbunan jami'an tsaron Najeriya suka fito.

Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makamai 178,459 da rundunar 'yan sanda ba ta iya ba da bayaninsu ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. Rundunar ta yi jayayya da yadda aka fassara alƙaluman. Amma a watan Oktoban 2024, wajen bikin lalata makamai a Abuja, Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, Malam Nuhu Ribaɗu, da bakinsa ya ce kaso mai yawa na makaman da ke hannun ɓata-gari asalinsu na gwamnati ne, ya kuma la'anci jami'an da ke sayar da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan ga harsashi. AK-47 tana iya shekara 40 tana aiki, harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi. Ɗan bindiga yana iya binne bindigarsa ya jira, amma ba zai iya yaƙi ba sai da mai kawo masa harsashi a kai a kai. 'Yan sanda da jami'an DSS sun sha kama masu wannan safara a tashoshin mota da kan manyan hanyoyi, ciki har da mata, sun ɓoye kayan cikin buhun hatsi ko jarkar manja. Abin da ba a cika ji ba shi ne inda shari'ar ta ƙare, da kuma wanda ya sayar musu.

Yarjejeniyoyi a takarda

Abin takaicin shi ne Najeriya ba baƙuwa ba ce a fagen dokokin taƙaita makamai. A Abuja ne ƙasashen ECOWAS suka amince a 1998 su dakatar da shigowa da ƙera ƙananan makamai. A Abuja ne kuma suka sa hannu a 2006 kan yarjejeniyar da ta wajabta wa kowace ƙasa ta sa wa makamai alama, ta buɗe kundin rajistarsu, ta kuma nemi izinin ƙungiyar kafin ta shigo da su. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da Yarjejeniyar Cinikin Makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013. Tarayyar Afirka ta yi alƙawarin rufe bakin bindiga kafin 2020, da lokacin ya cika ta ɗaga zuwa 2030.

Siyasar duniya ba ta taimaka ba. Amurka, wadda ta fi kowa sayar da makamai, ta sa hannu a yarjejeniyar cinikin amma ba ta tabbatar da ita ba, kuma a 2019 Donald Trump ya ce ya janye. Rasha ba ta taɓa sa hannu ba. Kusa da gida kuma, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka na tsawon watanni, dangantaka ta yi tsami, kuma ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Wato kwana goma bayan zaman Batsari, ƙasar da ke da iyaka da Jibiya ta bar ƙungiyar da ta tsara dokar hana safarar makamai a yankin. Mai fasa-ƙwaurin da ke bi ta dazukan da ke tsakanin Maraɗi da Katsina da Zamfara bai taɓa neman biza ba, kuma rigimar Abuja da Yamai riba ce a gare shi.

A cikin gida an kafa Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro, kuma a 2024 ta samu dokar da ta kafa ta. Aikinta ne karɓar makamai, rajistarsu da lalata su. A nan ne tambaya ke tasowa. Tsarin mulki ya bar sha'anin makamai a hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Ita ce kuma ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a hukumance a watan Janairun 2022. To ta yaya za a bar wa shugaban ƙaramar hukuma da hakimi da dagaci nauyin da ba su da iko a kansa? Hakimi zai iya sasanta manomi da makiyayi. Ba shi da rumbun ajiye makamai, ba shi da ikon yin afuwa, ba shi da sojan da zai tsare wanda ya tuba.

Bindigar da ba a karɓa ba tana tafiya

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Ranar 19 ga Agustan 2025, ana tsakiyar yayin sulhu, aka buɗe wa masallata wuta suna sallar Asuba a Unguwar Mantau ta Ƙaramar Hukumar Malumfashi, aka kashe gomman mutane. Zuwa ƙarshen shekarar hare-hare sun tsallaka ƙananan hukumomin Kano da ke iyaka da Katsina, irin su Shanono da Tsanyawa, inda a da ba a san wannan bala'i ba.

Ba adalci ba ne a ɗora wa wata daba laifin wani hari ba tare da hujja ba. Amma lissafin a bayyane yake. Sulhun da ya ce kada ka taɓa garinmu, bai ce komai a kan garin gaba ba, ya bar mutum da bindigarsa da babur ɗinsa da yaransa da ke buƙatar abinci. Tafiyar awa biyu ce a kan babur ta raba inda aka yi sulhu da inda ba a yi ba.

Abin da ya rage a yi

Masu goyon bayan tsarin na yanzu suna cewa idan aka matsa kan batun makamai tun yanzu sulhun zai watse, gara a bari amana ta ginu. Maganarsu na da nauyi, kuma Ireland ma sai da ta shekara bakwai. Bambancin shi ne a can an rubuta batun makaman a cikin yarjejeniyar tun ranar farko, an naɗa mai sa ido, kowa ya san inda aka dosa. Jinkiri mai jadawali daban yake da shiru.

Matakin farko shi ne a rubuta abin da aka amince a kai a Batsari da Safana, a karanta shi da Hausa da Fulatanci a gidajen rediyo, kowa ya san sharuɗɗan. A ciki a sa matakai masu wa'adi. A fara da hana shiga kasuwa da gari da wurin taro da makami. Daga nan a karɓi manyan makamai irin su roka da bindigogi masu jigida, waɗanda babu makiyayin da zai ce yana buƙatarsu don tsaron shanu. Sauran su biyo baya daki-daki. A kuma sa sharaɗin cewa kai hari a Malumfashi ko Kano ko Zamfara karya alƙawarin Batsari ne.

Duk bindigar da aka karɓa a rubuta lambarta a gaban shaidu: jami'an cibiyar ƙasa, soja, malamai, hakimai da arɗo-arɗo. A bi lambar a gano rumbun da ta fito, a hukunta wanda ya fitar da ita. Sannan a lalata ta a filin Batsari ko na Safana jama'a na kallo, don kada a sake ganinta a daji bayan wata shida.

Ɗaya ɓangaren ma ya shiga lissafi. Jami'an C-Watch da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Oktoban 2023 suna da shugabanci da albashi, don haka sa wa makamansu alama da ƙirga harsasansu abu ne mai yiwuwa. 'Yan sa-kan da ke wajen wannan tsari a yi musu rajista, kuma duk wanda ya kashe mutum saboda ƙabilarsa ya fuskanci alƙali kamar kowane mai kisa.

A guji sayen bindiga da kuɗi ko dabba. Zamfara ta gwada tayin shanu biyu kan kowace AK-47 a 2020, matsalar ba ta kau ba. Idan bindiga ta zama abin musaya, an buɗe wa dillali sabuwar kasuwa ne. Abin da ya fi shi ne a ɗaure ayyukan raya ƙasa da matakan miƙa makamai: dam da makaranta da asibitin dabbobi su zo wa yankin da ya cika alƙawari, manomi da makiyayi su amfana tare, ta yadda jama'ar ruga da kansu za su matsa wa mai ɓoye bindiga.

Kada kuma a manta da waɗanda aka zalunta. Zawarawan Tsauwa da marayun 'Yargamji ba su halarci zaman sulhu ba, ba kuma a tambaye su ko sun yafe ba. Ana iya sassauta wa yaron da aka ja cikin daba yana ɗan shekara 14. Wanda ya ba da umarnin ƙona gari da mutane a ciki lamarinsa daban ne, kuma gwamnatin da ta kasa biyan diyya ga wanda aka kashe wa miji bai kamata ta yi gaggawar gina wa wanda ya kashe shi gida ba.

Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Sulhun 2017 ya yi kyau a shekararsa ta farko, na 2019 ma an yi masa tafi. Wannan na uku zai bambanta da su ne kawai idan Gwamnatin Tarayya da ta jiha suka daina fakewa da cewa al'umma ce ke yi, suka shigo da rajista da wa'adi da masu sa ido. Mutanen Batsari da Safana suna da haƙƙin su yi wa shugabanninsu tambayoyi uku a duk zaman da za a sake yi: bindigogi nawa aka karɓa zuwa yau, ina suke ajiye, kuma yaushe za a kawo sauran?